Kumbon da Aka Tura Cikin Ƙura: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Injiniya



A daren 13 ga Maris 1986, injiniyoyin hukumar binciken sararin samaniya ta Turai sun yi cirko-cirko a ɗakin sarrafa kumbo da ke Darmstadt ta ƙasar Jamus. Kumbonsu mai suna Giotto, wanda aka harba tun Yulin 1985, ya tunkari tauraruwa mai wutsiya Halley da gudun kilomita 68 a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudu, ƙwayar ƙura ma harsashi ce. Ga kuma nisa: umarni sai ya yi minti takwas a hanya, don haka babu mai iya ce wa kumbon ya kauce.

Saboda haka tun a ƙasa aka gama shiri. An yi masa garkuwa hawa biyu: fallen alminiyom mai kaurin milimita 1 da zai farfasa ƙurar, sai fili a tsakani, sannan Kevlar mai milimita 12 da zai tare ɓurɓushin. Da yake ba a sa ran zai tsira ba, duk hoton da ya ɗauka nan take yake turo shi zuwa tashar Parkes a Ostareliya. Saitin hanyar ma da taimakon wasu aka yi. Kumbunan Tarayyar Sobiyet, Vega 1 da Vega 2, sun riga shi wucewa a ranakun 6 da 9 ga Maris, tashoshin Amurka suka auna inda suke, Turawa suka gyara saiti da wannan bayani, alhali ana tsakiyar yaƙin cacar baka.

Saura 'yan daƙiƙu ya kai kusancin kilomita 596, wata ƙwaya ta bangaje shi. Ya shiga tangaɗi, saƙo yana zuwa yana ɗaukewa har kusan rabin awa, kyamarar kuma ta mutu. Amma hotunan sun riga sun iso: tsakiyar tauraruwar dunƙule ne mai tsawon kilomita 15, ya fi gawayi baƙi, yana feso ƙura da tururi.

Ba su yar da shi ba. Suka kwantar da shi shekara huɗu, suka tashe shi a 1990, ya je ya ratsa ta gefen wata tauraruwa mai wutsiya, Grigg-Skjellerup, a Yulin 1992, ba kyamara, da sauran na'urorinsa.

Waɗannan matasa da ake yayewa su ma za su ƙera gada, madatsar ruwa da layin lantarki da za su bari a wuraren da ba sa nan ranar da matsala za ta taso. Horon da suka samu shi ne lissafa wannan rana tun a kan takarda.

Ana taya su da iyayensu murna. Allah ya sanya albarka a karatun, ya mai da kowa gida lafiya.