Jawabin Shugabar Mata Kan Sana'ar Ƙawata Bangon Littafi

Iyayena, yayyena da ƙannena na Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu da Tarauni: Ga jawabin zamanmu na rubuto saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kullum aka zauna maganar ɗaya ce: "Hajiya, ina son sana'a amma ba jari." Gaskiya ne. Keken ɗinki ya yi tsada, sana'ar firji kuma sai da wuta. To ga wata sana'a da rabin kayan aikinta ana share su ne kullum a shagon tela: ƙawata bangon littafin rubutu da ƙyalle da fata da zare da zane.

Kada wata ta ce aikin Turawa ne. Kakanninmu sun san darajar littafi. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu, falle-falle yake, sai a sa shi tsakanin bango biyu, a rufe da fata, a ɗaure da igiyar fata, sannan a saka a gafaka. Har gobe in kin shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya hau mulki a 1463, za ki tarar da dukawa da gafakoki. Fatar jar akuya da majemanmu suka jeme ta riƙa ƙetare Sahara a kan raƙuma, Turawa suna kiranta fatar Maroko, suna rufe littattafansu masu tsada da ita. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta labarin cinikin fatu da rinin garin nan. Kun ga kenan gado ne, mu ne muka sake shi.

Wa zai saya? Ku duba bikin da kuka je na ƙarshe. Cikin kayan rabo akwai jota, kuma duk iri ɗaya ce, hoton amarya da ango, kwana biyu bangon ya ɓalle. Akwai walimar sauka a Islamiyyu, akwai suna, akwai masu adashe da ke son littafin da zai shekara bai yage ba. Ga ɗalibai da ma'aikatan Asibitin Malam Aminu Kano a bakin ƙofarmu. Uwar amarya da aka nuna wa jotar da aka rufe da atamfar ankon bikin 'yarta, wallahi sai ta tambayi kuɗi.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafin rubutu mai falle 60 ko 80, kwali mai kauri, almakashi, allura da basilla, zare, farin gam irin Top Bond, da ƙaramin burushi. Ƙyallen atamfa da shadda da leshi, ki roƙi telanki ya riƙa tara miki. Zare da maɓallai da duwatsun ado suna Kasuwar Ƙofar Wambai, guntayen fata kuma wajen dukawan Kurmi. Mai son shuɗi na asali ta kai farin yadi Marinar Ƙofar Mata a rina mata da baba.

Ga yadda ake yi, ku bi a hankali.

Ki yanka kwali biyu, kowanne ya ɗan ɗara littafin kaɗan, da siririn kwali na tsakiya daidai kaurin littafin. Ki sa wa ƙyallen sitaci ki goge shi, don ƙyalle mai laushi gam yana ratsa shi ya yi tabo. Duk adon da za a ɗinka, aikin zare ne ko duwatsu ko maɓalli, ki ɗinka shi tun kafin ki manna, saboda wanda aka liƙa da gam kawai a cikin jaka yake zubewa.

Sai ki shafa gam a jikin kwalin, siriri, ba a jikin ƙyallen ba. Ki jera kwalayen uku a bayan ƙyallen, ki bar ɗan fili tsakaninsu don littafin ya riƙa buɗewa. Ki bar rarar ƙyalle kamar santimita 2 a kowane gefe, ki datse kusurwoyi huɗun a karkace, ki naɗo ciki. Kusurwa ita ce take saurin cinyewa, nan za ki sa guntun fata, ya yi ado kuma ya yi ƙarko.

Daga ciki ki manna takarda mai kauri. Wannan matakin kada ki tsallake shi. Gam idan yana bushewa janye kwali yake yi, in gefe ɗaya kawai aka manna sai bangon ya lanƙwashe, musamman da hunturu. Daga nan ki manna fallen farko da na ƙarshe na littafin a jikin bangon, ki sa leda a tsakani don kada damshi ya shiga takardun, ki danne da abu mai nauyi ya kwana. Da damina ki ƙara masa wuni.

Masu zanen lalle, ku kun riga kun gama rabin karatun. Hannun da ya iya fulawa a ƙafar amarya zai iya ta a kan fata ko farin yadi. Ga Dagin Arewa, ga aska takwas ta babbar riga, ga irin zayyanar allo da ja da rawaya da kore. Amma kada ki cika ado. Ƙyalle ɗaya, fata a kusurwa, zane ɗaya a tsakiya, ya wadatar.

Ina da jan kunne guda uku. Na farko, kada a rubuta aya ko sunan Allah a bangon littafin da yaro zai yar a ƙasa, kuma a duba tsohuwar takarda kafin a yanka ta. Na biyu, littafin ƙananan yara ba a sa masa duwatsu, a baki suke sawa. Na uku, gam ɗin fata mai ƙarfin wari ki yi aiki da shi a tsakar gida, nesa da wuta, ki kulle shi in kin gama. Duk mun san abin da shaƙar sholisho ya yi wa yaran unguwanni, kada ya zama daga ɗakinmu aka samo.

Sai lissafi, wanda a nan sana'ar mata da yawa take mutuwa. Ki rubuta kuɗin littafi da kwali da gam da kuɗin adaidaita, ki sa wa lokacinki kuɗi, sannan ki ɗora riba. Aikin biki kada ki fara sai an ba ki kafin alƙalami. Uwar kuɗi kuma ba ta shiga cefane.

Abin da nake roƙo, kowace shugabar mata ta mazaɓa ta rubuto sunayen masu sha'awa, ta kuma yi magana da telolin layinta su fara tara mana ƙyalle. Zama na gaba kowa ta zo da almakashinta da littafi ɗaya, a yi a gabanta, ta koma gida da nata a hannu. Wadda ta iya ta koya wa maƙwabciyarta, ko 'yar jam'iyyarmu ce ko ba ita ba.

Allah Ya sa albarka a hannayenmu, Ya rufa mana asiri, Ya shirya mana zuri'a. Amin. Don Allah a tura wa wadda ba ta gani ba.

Taku,
Shugabar Mata