Adalci Wajen Ba Da Kwangilar Zanen Taswira



Wannan jawabi ya shafi taswirar ƙasa da hanyar da Gwamnati ke bi ta zaɓi kamfanin da zai zana ta. Mai gona da mai fegi su kan ɗauka wannan batu ne na ma'aikatan safiyo kaɗai. To, a dubi unguwar Maitama a Abuja.

A shekarar 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka ba haɗin gwiwar wasu kamfanoni uku na Amurka, mai suna International Planning Associates, aikin tsara birnin, suka miƙa tsarin a 1979. A cikinsa Maitama na daga cikin unguwannin kashi na farko, tare da Garki da Wuse da Asokoro. Kafin a aza tubali ko ɗaya, sai da aka auna tudu da kwari, aka yanka fuloti, aka kafa turakun siminti a kan iyakoki. Gidajen manya da ofisoshin jakadanci da ke can a yau, kowanne yana zaune ne a kan layin da wani ma'auni ya ja. Tun ran gini ran zane.

Da aka koma Abuja a 1991, fili ya yi daraja, rikici kuwa ya yawaita. Akan sami fuloti guda da takardun mutum biyu, wani fayil ya ɓace, wani a yi jabunsa. Domin haka a 2003 aka kafa ofishin AGIS don a zuba taswira da bayanan filaye cikin kwamfuta. Kuskuren taku kaɗan a kan taswira yana iya zama shari'ar shekaru tsakanin maƙwabta, a Maitama ko a ƙauye.

Saboda nauyin wannan aiki da yawan kuɗinsa, ba a rasa gardama idan an ba da kwangilarsa. Koke-koken iri uku ne.

Na farko, na ma'auna 'yan ƙasa. Yawancin manyan taswirorin da Nijeriya ta daɗe tana dogara da su an yi su ne a shekarun 1960 da taimakon Ingila da Kanada. Tun daga lokacin ƙasar ta horar da ƙwararru, ga makarantar safiyo ta tarayya a Oyo, ga kuma hukumar SURCON mai yi musu rajista tun 1989. Kukansu shi ne har yanzu akan fifita baƙi. Masu kare baƙin kuwa suna cewa ɗaukar hoto daga sama na bukatar jirgi da na'urori masu tsada, waɗanda ba kowane kamfanin gida ke da su ba.

Na biyu, na wanda ya yanka farashi mafi araha amma aka ba wani. Shi a ganinsa an cuce shi. Sai dai taswira ta bambanta da buhun siminti, wanda za a ɗora a sikeli nan take. Aibin taswira ba ya fitowa sai an gina hanya ko an binne bututu a kanta. Araha ba ta ado.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne zargin cewa an gama magana a ɓoye kafin a yi shela, ko an tsara sharuɗɗa yadda kamfani guda kaɗai zai cika su.

Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta tanadi maganin waɗannan duka. Wajibi ne a buga sanarwar babban aiki a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a kuma bayyana tun farko ma'aunin da za a yi hukunci da shi. Ba a yarda a sake ma'auni bayan an karɓi takardu ba. Ana buɗe takardun a bainar jama'a, a gaban masu nema, tare da 'yan kallo daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiya mai zaman kanta. A aikin gwaninta irin wannan, akan fara duba ƙwarewa da kayan aiki, sa'an nan a dubi farashin waɗanda suka haye. Doka ta yarda a ba 'yan ƙasa wani fifiko, muddin an faɗi hakan cikin sanarwa, kuma Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya ƙarfafa ba ƙwararrun gida dama.

Wanda bai yi nasara ba yana da haƙƙin ya nemi a gaya masa dalili. Idan bai gamsu ba, ga matakan da zai bi. Ya rubuta kokensa ga shugaban ma'aikatar, watau Babban Sakatare ko Babban Darakta, cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin da ya faru. Shi kuma ya ba da amsa a rubuce cikin kwanakin aiki 15. In ba ta yi masa ba, ko an yi shiru, ya kai ƙara ga BPP cikin kwanakin aiki 10. Hukumar tana da ikon dakatar da aikin, kuma za ta yanke hukunci cikin kwanakin aiki 21. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30. Wanda ya bari wa'adi ya wuce yana gunaguni a zaure, ya zubar da haƙƙinsa da hannunsa.

Ma'aikacin da aka kama da maguɗi hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, da kora daga aiki. Kamfani kuwa za a hana shi kwangilar Gwamnati na aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Har ila yau, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya tambayi ma'aikata a rubuce wa aka ba aiki, a kan nawa, kuma a amsa masa cikin kwana 7. Saboda haka ana kira ga jama'a su yi amfani da wannan dama, su kuma kula da turakun safiyo da ke gonakinsu da unguwanninsu, kada a tuge su. Kuɗin da aka biya taswira na kowa ne, iyakar da ta nuna kuwa ita 'ya'ya da jikoki za su gada.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.