Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki



Aikin da za ku fita yi zai haɗa ku da mutanen da zuciyarsu ke neman Allah, amma tsoron bakin duniya ya ɗaure musu ƙafa. Saboda su nake so ku riƙe labarin Zakka da ke Luka sura 19. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, yana tara wa Romawa kuɗi daga hannun 'yan'uwansa Yahudawa, ya yi arziki, ya kuma yi baƙin jini. Ranar da Yesu ya ratsa garin, cunkoson jama'a ya hana shi gani, ga shi gajere. Sai attajiri mai muƙami ya sheƙa a guje ya ɗare ɓaure, ya gwammace a yi masa dariya da Yesu ya wuce bai gan shi ba. Da Yesu ya sauka a gidansa kuwa, jama'ar nan ce dai ta kama gunaguni.

Wani zai ce mu mutanen zumunci ne, wanda ya toshe kunne ga jama'arsa girman kai ke damunsa. Maganar tana da nauyi, domin girmama iyaye na cikin Dokoki Goma, kuma akwai matasan da ke fakewa da tuba su yi wa manya rashin kunya. Amma ku dubi inda tubar Zakka ta kai shi. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci haƙƙin wani zai biya ne ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne a Fitowa sura 22, shi Zakka ya yanke wa kansa. Kuma aljihun mutanen Yariko, masu gunagunin nan, kuɗin zai koma.

Don haka idan mai neman Ubangiji ya zo muku yana tsoron surutun gari, ku tsaya masa, ku kuma tambaye shi wa yake bin sa bashi, da wa suka ɓata, yaushe zai je ya gaida mahaifinsa.

Allah ya sa albarka a hidimarku.