Hakkin Majiyyaci Musulmi Game da Magani

Jawabin nan domin marasa lafiya ne da masu jinyarsu.

Sau da yawa mutum yakan karɓo magani daga asibiti, sa'an nan ya ji ana raɗe-raɗin wai da alade a ciki. Sai ya tura shi ƙarƙashin gado, ciwo kuwa yana ta cinsa. Wannan kuskure ne babba, gama akwai hanyar da ta fi.

Gaskiya ne waɗansu magunguna daga dabba asalinsu ya ke. Kwanson kafso yawanci da jelatin a ke yinsa, watau wani abu mai danƙo da a ke samu daga fata da ƙashin shanu ko na alade. Heparin, allurar hana jini daskarewa, galibi daga hanjin alade a ke fitar da ita. Waɗansu magungunan tari kuma da ɗan sinadarin giya a cikinsu. Amma allurar insulin ta masu ciwon sukari, wadda a dā daga alade da shanu a ke samunta, tun 1982 aka fara sayar da wadda ba ta dabba ba, ita kuwa aka fi amfani da ita yau.

To, mene ne hakkin majiyyaci? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya a Nijeriya ya bayyana masa ciwonsa da hanyoyin magani da ke akwai, cikin harshen da ya ke ji. Yana da ikon ƙin magani, amma tilas a faɗa masa abin da ƙin zai jawo. Saboda haka in zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya tambayi likita ko mai ba da magani, ko akwai ƙwaya maimakon kafso, ko na tari marar giya.

In babu wani fa? A 1995 malamai da likitoci suka taru a Kuwait, suka ce jelatin ya riga ya sāke kama, ya halatta. Waɗansu malamai ba su yarda ba, amma jama'ar malamai sun tafi a kan cewa larura takan halatta abin da aka hana in rai yana cikin haɗari, babu kuwa madadinsa.

Lalle ne kada kowa ya daina shan magani a ɓoye. Ya je ga likita tukuna, ya je ga malami, gama matambayi ba ya ɓata.