Uku ga Agusta a Birnin Damagaram

A ranar 3 ga Agusta 1960 Diori Hamani ya ayyana 'yancin kan Nijar daga Faransa. A irin wannan rana a unguwar Birni ta Zinder, garin da ya riƙe matsayin babban birnin ƙasa har 1926, kakaki da algaita na tashi a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, yara na kai da komo cikin lunguna, tsofaffi na ba da labarin jiya. Tun 1975 ake dasa itatuwa a wannan rana. To, dasawa ba wuya, ban ruwa shi ne aiki. Kowa ya riƙe itacensa, ya gyara soron kakanninsa kafin damina ta ci shi. Allah ya ba mu zaman lafiya.