Gazuwal daga man tsiro: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan Magariya da Dungas

Ya ku alhazai ƴan kasuwa, ya ku ma'aikatan gwamnati, ina godiya da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Tun shekarar 1900, a bajekolin birnin Paris, aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Sai dai man tsiro yana da kauri, yakan toshe injin zamani, dole a tsinka shi. Hanyar ita ce a haɗa kilo 100 na mai da kimanin kilo 10 na wani sinadari mai suna metanol, a samu kusan kilo 100 na gazuwal da kilo 10 na gilisarin. Haɗin ba ya kamawa sai da abin da zai zuga shi, kuma masana'antu sun saba sa soda. Matanmu masu sabulu sun san ƙarshen wannan zance: in mai ya tsufa ya yi tsami, soda sabulu take mai da shi.

Nan ne anzim ya shigo. Anzim sinadari ne da halittu ke yi a jikinsu don narkar da abinci. Shi ne sirrin ganyen gwanda da ke tausasa nama. Wanda ke aiki a kan mai sunansa lifaz, daga ƙananan halittu irin na yis ake samun sa, kuma a 2014 kamfanin Novozymes na ƙasar Danmak ya fitar da wani nau'insa mai suna Eversa domin wannan sana'a. Zafin digiri 35 zuwa 40 ya ishe shi, ba ya gudun mai mai tsami, ba ya yin sabulu. Aibinsa kuwa uku ne: tsada, nawa wajen aiki, sannan metanol yana kashe shi in an zuba a lokaci guda. Shi kansa metanol guba ne, kuma daga waje za a sayo shi.

To, wane mai za mu ƙona? A nan nake roƙonku ku yi hattara. Litar man gyaɗa ko na riɗi ta fi litar gazuwal tsada, kuma tun 2011 matatar SORAZ tana tace mai a jiharmu ta Damagaram. Wanda ya zuba man miya a tankin mota ya yi asara biyu, ta aljihu da ta ciki. Amfanin anzim yana ga abin da muke zubarwa: man da masu ƙosai da ƙuli-ƙuli suka gama suya da shi, da ƴaƴan dogon yaro, da bini-da-zugu da ake shinge da shi.

Dattawanmu ba su manta da masana'antar mai ta SEPANI a Magariya ba. Kan gyaɗa kaɗai aka gina ta; da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, sai ƙafarta ta karye. Saboda haka, ya ku ma'aikata, duk wanda ya zo muku da takardun babbar masana'anta, ku tambaye shi inda zai samu mai kowace shekara, da kuɗin anzim a kan kowace lita. Ku kuma ƴan kasuwa, ku fara da ƙaramin gwaji, a injin niƙa ko na ban-ruwa guda, ku riƙa rubuta lissafi har shekara ta zagayo, kafin ku saki dukiyarku.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.