Kwamfutar da Take Ɗaukewa Tsakiyar Darasi

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na kwamfuta ya gabatar a taron reshe

 

An nemi in yi magana a kan kula da kwamfutocin makarantunmu. Zan ba ku labarin guda ɗaya da ta wahalar da mu zango guda cur, domin ita ta koya mini cewa ba a yanke wa na'ura hukunci sai an saurari shaidu.

Kun sani tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Yawancin ɗalibanmu ba su da inda za su taɓa kwamfuta sai a makaranta. Saboda haka duk wadda ta mutu a ɗakinmu, akwai yaran da za su shiga zauren jarrabawa hannunsu bai saba da linzami ba.

Wannan kwamfuta ta tebur takan tashi lafiya, ta yi aiki kamar rabin sa'a, sai ta ɗauke ba sallama. Da farko muka ce ƙwayar cuta ce, muka sake ɗora mata Windows har sau biyu, ba ta daina ba. Wani mai gyara ya dube ta, ya ce babban allonta ne ya lalace, ya faɗi kuɗin da ya kusa sayen wata ta hannu. Kafin in kai wa shugaban makaranta wannan buƙata, sai na sayi littafin rubutu, na ajiye shi kusa da ita.

Duk lokacin da ta ɗauke mukan rubuta ƙarfe nawa ne, minti nawa ta yi, wutar gari ce ko ta janareto, da kuma aikin da ake yi a kanta. Cikin mako biyu littafin ya nuna cewa ta fi ɗaukewa da azahar, da kuma sa'ad da aka ɗora mata aiki mai nauyi. Rajistar da Windows ke ajiyewa ta nuna lamba 41, wadda ma'anarta kawai na'ura ta mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Ba ta faɗin dalili. Sai na tayar da ita da Linux daga filashi, na ba ta aiki. Nan ma ta ɗauke. Da wannan muka wanke Windows daga zargi, muka tabbatar matsalar a jikin na'ura take.

Daga nan muka fara bincike daga waje zuwa ciki, muna sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, domin wanda ya sauya abu uku a tare, ko da an dace, ba zai san wanne ne ya yi magani ba. Muka sauya soket da wayar wuta, babu canji. Maƙwabtanta da ke kan layi ɗaya da ita kuwa suna aiki lafiya.

Sai zafi. Na zare waya daga bango, na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fice, na taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar jikina, sannan na buɗe. Ƙurar hunturu ta danƙare a ƙarfen sanyaya furosesa kamar auduga. Muka busa ta, muna riƙe da fanka kada iska ta juya ta fiye da kima, muka kuma sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen. Ta yi kwana goma lafiya, har na shaida wa shugaban makaranta an gama. Rana ta goma sha ɗaya ta ɗauke a gaban 'yan ajin ƙarshe. Kunya ta kama ni, na kuma gane cewa samun sauƙi daban, warkewa daban.

Muka koma kan RAM. Na zare sandunan biyu, na gwada su ɗaya bayan ɗaya a wata kwamfutar mai lafiya da manhajar MemTest86, ba a sami kuskure ko ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne akwatin rarraba wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango mai kimanin bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Ɗorawar waya ta 12 ce, ja ta 5, mai ruwan lemo ta 3.3, baƙa kuwa ta ƙasa. Ƙa'ida ta yarda da saɓanin kashi 5 cikin ɗari kawai, wato layin 12 kada ya gaza 11.4. Da muka auna da mita, yana daidai idan na'ura ba ta aikin komai, amma da zarar ta ɗau zafi aka ɗora mata nauyi, sai ya yi ƙasa da haka.

Duk da haka ban yarda ba sai da na yi musaya. Na ɗauko akwatin wuta na mai lafiya na sa wa marar lafiya, nata kuma na sa wa mai lafiya. Marar lafiya ta yi mako uku ba ta ɗauke ba, mai lafiya kuwa ta fara ɗaukewa tun ranar farko. Gani ya kori ji. Da ƙwararre ya buɗe akwatin daga baya, sai ga kafasitoci sun kumbura, abin da zafi da hawa da saukar wuta ke haddasawa a hankali. Ƙurar da muka share ta rage zafi ne kawai, shi ya sa aka sami sauƙin kwana goma. Babban allon da aka so mu jefar yana aiki har yau. Ina roƙonku, kada wanda ba ƙwararre ba ya buɗe wannan akwati, domin yakan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Ga alamu biyu da za ku riƙe. Idan agogo da kwanan wata suna komawa baya duk sa'ad da aka kunna, yawanci ɗan batirin CR2032 mai bolt 3 ne ya mutu, kuma ba shi da tsada. Idan kuka ji had-disk yana ƙas-ƙas, ku kwashe sakamakon ɗalibai zuwa wani wuri a ranar, kada ku jira gobe.

Ranka ya daɗe, ina da buƙatu uku ga reshe. Na farko, kowane ɗakin kwamfuta ya sami littafin rajistar matsaloli, domin shi ne shaidar malami ranar da aka zarge shi da sakaci ko aka nemi ya biya daga albashinsa. Na biyu, a riƙa busa ƙura a farkon kowane zango, a kuma ɗinka wa kowace na'ura mayafi. Na uku, reshe ya nemi hukuma ta haɗa sitabilaiza da kuɗin gyara a duk kasafin da za a sayo kwamfuta, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa albarka a aikinmu, Ya ba ɗalibanmu sa'a.